Yadda Na Koyi Karanta Takardun Asibiti a Jinyar Hajiya

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya asibitin gwamnati a Kaduna ya san cewa babban aikin mai jinya, kafin a zo ga tayarwa da kwantarwa, shi ne ɗaukar takardu. Likita ya rubuta ya miƙo maka, ka kai wurin biyan kuɗi, ka wuce ɗakin gwaji, ka dawo da sakamako, a sake rubuta wata takardar ka nufi ɗakin magani, kuma a duk wannan kai-kawo kai kaɗai ne kake ganin takardun baki ɗayansu. Mai gwajin jini bai san abin da za a rubuta na magani ba, mai ba da magani kuma ba zai bi ka gida ba. Ga shi takardun ba da cikakkun kalmomi ake cika su ba, ko da na Turancin ne. Haruffa ne bibbiyu ko uku-uku, da lambobi, da alamomi, waɗanda ko mai digiri, in ba fannin lafiya ya karanta ba, sai dai ya bi su da ido. Ni lissafi nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne yadda na bi waɗannan haruffa ɗaya bayan ɗaya lokacin da mahaifiyata, wadda ta haura shekara sittin, ta fara fama da ƙishirwa da yawan tashi fitsari cikin dare, tana ramewa alhali tana cin abinci, sannan zazzaɓi ya biyo baya.

Haruffan suna fara tarbar mutum tun daga allunan da ke jikin gine-gine. Bayan mun yanki kati aka ce mu tafi GOPD, wato sashen da ake fara ganin kowane irin marar lafiya da zai koma gida a ranar. MOPD sashen ƙwararrun likitocin cututtukan da ake bi da magani ne, irin su suga da hawan jini da ciwon ƙoda; SOPD na likitocin tiyata ne, ANC wurin awon ciki, A&E kuwa sashen haɗari da gaggawa. Wanda ya san waɗannan biyar ɗin ya rage wa kansa yawo a rana da dattijuwar da ƙafa ke yi mata nauyi.

Kafin mu ga likita sai da muka zauna gaban wata nas, ta ɗaura wa Hajiya abin awo a dantse tana cewa, “Mama, ki jingina da kyau, ki sauke ƙafafunki ƙasa, kada ki yi magana sai na gama.” Ta rubuta BP 168/102 mmHg, PR 96, T 38.1, SpO2 97%, Wt 71kg. BP ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiyoyi ne, kuma dalilin da ya sa lambobinsa biyu shi ne zuciya aiki biyu take yi a kowane bugu: ta matse ta tura jini, lamba ta sama ke nan, sannan ta saki ta cika, lamba ta ƙasa ke nan. Ma'aunin mmHg milimita ce ta zaiba, domin tsofaffin na'urori tsawon da zaiba ta hau a cikin bututun gilashi suke nunawa, kuma sunan ya zauna har a na'urorin batir na yanzu da babu ko ɗigon zaiba a cikinsu. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140 a sama ko 90 a ƙasa a ranaku biyu daban-daban, shi ya sa ba a yanke wa Hajiya hukunci a wannan zama ba. PR yawan bugun jijiya ne a minti ɗaya, wanda ga babban mutum a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100. T zafin jiki ne, Wt kuma nauyi. SpO2 kuma, wanda aka auna da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa, kason iskar oksijin ne da jini ya ɗauka, kuma daga 95 zuwa sama shi ake so. Da nas ɗin ta ji batun ƙishirwa sai ta ɗan soki yatsan Hajiya ta ɗiga jinin a tsinken awo, ta ƙara layi ɗaya: RBS 16.4. Wannan awon suga ne da ake yi a kowane lokaci, ko an ci abinci ko ba a ci ba.

Likitan matashi ne, kuma Bahaushe. “Hajiya, sannu da jiki. Tun yaushe kike jin wannan ƙishirwar?” Ta ce, “Wallahi ɗan nan, tun bayan Babbar Sallah, ruwa ba ya isa ta.” Yana saurare yana rubutu, ni kuma na roƙi izini na kwafi abin da ya rubuta a ɗan littafina, ya ce ba laifi. Da yamma na kai littafin wurin maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, wadda duk layinmu ke kira Sista, kuma galibin abin da na sani a wurinta na fara jin sa kafin na tabbatar a bakin likitoci. Layin farko ya fara da c/o, ma'ana abin da majinyaci ya zo yana kuka da shi, sai kalmomin polyuria da polydipsia, yawan fitsari da yawan shan ruwa, sannan x 3/12. Mai lissafi zai ɗauka kashi uku cikin sha biyu ake nufi, amma a asibiti lambar ƙasa lokaci take nunawa: 7 kwanakin mako, 52 makonnin shekara, 12 watanninta. Saboda haka 3/12 wata uku ne, 4/7 da ke gaban zazzaɓin kwana huɗu ne, 2/52 kuma mako biyu. O/E abin da likita ya gani da ya duba jiki ne, NAD da ya rubuta a gaban ƙirji tana nufin bai ga wata matsala ba. A ƙasa ya sa alamar tambaya gaban DM da HTN, ciwon suga da hawan jini, sannan r/o gaban maleriya. Alamar tambaya zato ce, ba hukunci ba, r/o kuma umarni ne cewa a bincika a kawar da shakka. Na jaddada wannan ne domin na sha ganin ’yan uwa sun hango sunan wata babbar cuta a fayil sun shiga kuka a baranda, alhali alamar tambayar da ke gabanta ba su lura da ita ba.

Takardar gwaji doguwa ce mai ɗauke da sunaye da yawa, likita ya yi wa wasu alama: FBS, HbA1c, FBC, MP, E/U/Cr, HBsAg da gwajin fitsari. Aka ce mu dawo da sassafe Hajiya ba ta ci komai ba na aƙalla awa takwas, domin FBS sugan da ke jini ne bayan mutum ya kwana bai ci ba. Ita ta ɗauke shi azumi sosai, har da niyyar ƙin shan ruwa, sai da Sista ta leƙo ta ce mata, “Hajiya, wannan ba na Ramadan ba ne, ruwa zalla ki sha abinki, shayi da koko da goro ne aka hana.” A ɗakin gwaji mai ɗibar jinin ya ja sirinji ɗaya ya rarraba a ƙananan kwalabe, kowace da launin murfinta, yana juya su a hankali sama da ƙasa. Na tambaye shi dalili, ya ce mai murfi shunayya tana da sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa domin a iya ƙirga ƙwayoyinsa, ta suga kuwa tana da sinadarin da ke hana ƙwayoyin jinin cinye sugan kafin a auna, in ba haka ba lambar za ta yi ƙasa da gaskiya. A layin akwai matasa masu shirin aure da suka zo gwajin jinsin jini, masu jiran ganin AA ko AS ko SS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai in an haifi mai ita ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Wannan daban yake da rukunin jini, wato A, B, AB da O, wanda ake dubawa saboda ƙarin jini, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su.

Sakamakon da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na suga, kuma a nan ne na ga yadda ƙananan haruffan da ke bayan lamba suka fi lambar muhimmanci. An rubuta FBS 11.2 mmol/L. Da ƙanwar Hajiya ta bugo waya daga Zariya ta ji lambar, sai ta ce, “Haba Yaya, sha ɗaya kacal? Ni da nake da ciwon nawa ɗari da tamanin nake gani, ke ai ƙalau kike.” Na'urarta ta gida da mg/dL take awo, asibitinmu kuma da mmol/L, kuma ana ninka na biyun sau 18 a sami na farkon. Da na ninka, 11.2 ta zama kusan 202, wato sugan Hajiya a kan yunwa ya fi na ƙanwar tata. Iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon suga ita ce 7.0 mmol/L a kan yunwa, daidai da 126 mg/dL, ko 11.1 mmol/L, daidai da 200 mg/dL, a awon kowane lokaci ga wanda alamomi suka bayyana gare shi. Duka ma'aunan biyu suna yawo a Kaduna, a asibitoci da kemis da na'urorin da ake saye a kasuwa, kuma a ganina duk wanda zai faɗi lambar sugansa bai haɗa da ma'auninta ba bai faɗi komai ba.

HbA1c kuwa ya fito 9.1%. Suga yana manne wa sinadarin da ke ba jini launin ja, kuma tun da jar ƙwayar jini takan rayu kimanin kwana 120, kason da suga ya manne wa yana nuna matsakaicin halin da ake ciki a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 6.5% zuwa sama ciwon suga ne. Wannan gwaji ba ya buƙatar yunwa, kuma wanda ya ƙaurace wa tuwo da lemo kwana biyu kafin ranar asibiti don lambarsa ta yi kyau ba zai iya ruɗar sa ba.

FBC ƙidayar ƙwayoyin jini ce baki ɗaya, kuma a cikinta akwai PCV, wanda shi ne ake nufi a duk lokacin da aka ce wa mutum jininsa ya yi ƙasa. Ana zuba jini a siririn bututu a juya shi da gudu a inji, jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa ruwan ya taso sama, kamar yadda ƙullun koko ke kwantawa a gindin roba, sai a auna kason da suka cika. Na Hajiya 33% ne, ƙasa kaɗan da 36% da takardar ta nuna a matsayin mafi ƙaranci ga mace. Hb, wato sinadarin nan mai ba jini launin ja, wanda ake aunawa da g/dL, yakan zama kusan kashi ɗaya cikin uku na PCV, kuma ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki ko ƙasa da 13 ga namiji ƙarancin jini ne. WBC fararen ƙwayoyi ne masu yaƙi da cuta, PLT kuma masu tsayar da zubar jini. MP ta fito da alamar tarawa ɗaya, ma'ana an ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro amma ba da yawa ba. Yawan alamun tarawa shi ne yawan abin da aka gani, a jini ne ko a fitsari. Nata fitsarin ya nuna suga da alama uku, furotin an rubuta trace, wato ɗan ɓurɓushi, sinadarin ketone kuma nil, babu ke nan. HBsAg, gwajin ciwon hanta nau'in B, an rubuta non-reactive, kuma a irin waɗannan gwaje-gwaje rashin samu shi ne labari mai daɗi. Haka yake ga RVS, sunan da ake sakaya gwajin ƙanjamau da shi a takardunmu.

E/U/Cr gwajin ƙoda ne: gishirorin jini, da yuriya, da kiriyatinin, waɗanda ƙoda ke tacewa ta fitar, don haka taruwarsu alama ce ta cewa tacewar ta yi rauni. Na da K da ke jere a wurin su ne sodiyam da fotashiyam, kuma an saba ganin na farko tsakanin 135 da 145, na biyu tsakanin 3.5 da 5.0. Daga kiriyatinin da shekaru da jinsi ake lissafa eGFR, ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda. Nata 78 ne, kuma sai ya zauna ƙasa da 60 har wata uku ake maganar ciwon ƙoda mai ɗorewa. Likitan ya ce ba don ado ya nemi wannan gwajin ba: maganin sugan da zai rubuta ta ƙoda yake fita, kuma ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni ƙwarai. Da muka zo kan sodiyam ya ja hankalina cewa ba a gishirin cin abinci kaɗai yake ba, yana cikin dunƙulen miya da kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Hajiya ta tambaya, kamar yadda kusan kowa yake yi a garin nan, “Likita, ba a duba taifot ba?” Ya ce bai ga alamarsa ba, sannan ya yi mini bayanin gwajin Widal, wanda wani likitan Faransa mai wannan suna ya ƙirƙiro a 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa, shi ya sa ake rubuta shi 1:80 ko 1:160, kuma a wurare irin namu mutum zai iya nuna martanin saboda tsohon kamu ko wani zazzaɓin daban ba tare da yana da taifot ba. Abin dogaro shi ne a shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Irin wannan shukar ce ake nufi da M/C/S a gwajin fitsari ko ruwan gyambo, takan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma S a gaban sunan magani na nufin yana kashe ƙwayar, R kuma ƙwayar ta fi ƙarfinsa.

Awon BP na wannan rana ya nuna 162/98, don haka aka cire alamar tambaya daga gaban HTN, aka rubuta magani. A nan ne haruffan suka koma umarni gare ni kai tsaye, tun da ni zan riƙa ɓallo ƙwaya ina miƙawa. Yawancinsu guntayen Latin ne da likitancin Ingila ya bar mana. Amlodipine 5mg od, na hawan jini, sau ɗaya a yini. Metformin 500mg bd, na suga, sau biyu. PCM 1g tds x 3/7, wato farasitamol sau uku a yini har kwana uku, kuma giram ɗaya ƙwaya biyu ce ta 500mg. Akwai qds sau huɗu, nocte da dare, mane da safe, stat yanzu-yanzu sau ɗaya, prn idan buƙata ta taso, ac kafin abinci, pc bayansa. PO ta baki ne, IM allurar tsoka, IV ta jijiya, NPO kuma, wanda ake rataya wa masu jiran tiyata, kada a ba shi komai ta baki. Mai ba da magani ya fassara duk wannan zuwa zane a bayan ’yar leda, sanda ɗaya, sifili, sanda ɗaya, yana cewa safe da dare. Zanen yana da amfani ga wanda bai yi boko ba, amma akwai abin da yake ɓoyewa, wato tazara. Sau biyu na nufin kusan awa goma sha biyu tsakani, sau uku kusan awa takwas, ba a haɗa su duka tsakanin hantsi da la'asar ba. Sista ta ce in ɗaura su a kan abin da Hajiya ba ta mantawa, sai muka sa mai sau uku bayan Asuba, bayan Azahar da lokacin kwanciya, metformin kuma tare da karin kumallo da abincin dare, domin a kan abinci ya fi sauƙi ga ciki. Ta kuma gargaɗe ni cewa farasitamol ba ya wuce giram 4 a yini ga babba, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki.

Maganin zazzaɓin, wanda aka rubuta ACT, nasa tsarin daban ne. Haɗin artemether da lumefantrine ne, sha shida cikin kwana uku: na farko nan take, na biyu bayan awa takwas, sauran huɗun safe da dare, kuma ana so a bi shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo domin jiki ya fi ɗaukarsa. A can ƙasan takardar an rubuta TCA 2/52, a dawo bayan mako biyu.

Ba zan ce tsarin nan ba shi da aibi ba. PCM da PCV harafi ɗaya ya raba su, ɗaya magani ɗaya gwaji, ga kuma rubutun hannun likita da kowa ya san halinsa. A takardar maganin Amurka bid na nufin sau biyu a yini, amma a sashen gaggawa na asibitocinmu BID na nufin an kawo mutum ya riga ya cika. Su kansu masu sana'ar sun san haɗarin: a 2004 hukumar Joint Commission mai tantance asibitocin Amurka ta fitar da jerin gajerun rubutun da ta hana, ciki har da U a madadin ma'aunin insulin, sinadarin saukar da suga da ake yi wa masu ciwon allurarsa, saboda 4U da aka rubuta da sauri tana iya zama 40 a idon mai karatu. Duk da haka ban yarda da masu cewa likitoci suna yin haka ne don su ɓoye wa talaka ba. Likitan da zai duba layin mutanen da na gani a GOPD kafin Azahar ba zai iya rubuta cikakkun jimloli ba. Gajartawar tsakaninsu ce, haƙƙin bayani kuma namu ne, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin magani, kuma gwargwadon iko a harshen da yake fahimta. A iya abin da na gani, wanda ya yi tambaya takamaimiya, ya nuna layi ya ce wannan fa, yakan sami amsa, wanda ya ce a yi masa bayanin komai kuwa yakan sami “ba matsala”.

Da aka mayar da mu MOPD, gajerun haruffa suka ragu, dogayen kalmomi suka ƙaru, kuma sun fi sauƙi fiye da yadda suke tsoratarwa, domin gaɓoɓin Girkanci ne ake harhaɗawa. Nephro ƙoda, neuro jijiyoyin ji da motsi, retino shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, hepat hanta, cardio zuciya, gastr tumbi. A ƙarshen kalma kuma pathy cuta ce, itis kumburi, ectomy cirewa da tiyata, aemia abin da ke cikin jini, uria abin da ke cikin fitsari. Da wannan na karanta nephropathy da neuropathy da retinopathy, illoli uku da likitar ta ce suga kan jawo a hankali, kuma saboda na biyun ne ta sa Hajiya ta cire takalmi, ta riƙa taɓa tafin ƙafarta da wani siririn zare mai tauri tana cewa, “Mama, ki rufe ido, in kin ji ki ce e.” T2DM da ta rubuta ciwon suga ne nau'i na biyu, wanda jiki ke yin insulin amma bai isa ba ko ba ya aiki yadda ya kamata.

Gaɓoɓi biyu da ta tsaya a kansu su ne hyper, hawa, da hypo, sauka. Ta ƙara glimepiride 2mg mane saboda sugan bai sauko yadda ake so ba, ta ce wannan, ba kamar metformin ba, yana iya saukar da shi fiye da kima idan an sha ba a ci abinci ba. Ƙasa da 3.9 mmol/L, wato 70 mg/dL, shi ne hypoglycaemia, kuma alamunsa rawar jiki ne da gumi da yunwa da ruɗewa. Maganinsa nan take sukari ne kimanin giram 15, ƙananan cokula uku zuwa huɗu a ruwa, a sake awo bayan minti 15; wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi. Da ta ji Hajiya tana azumin Litinin da Alhamis, sai ta ce a dakata tukuna har sugan ya daidaita, kuma kafin Ramadan mu zo a sake tsara lokutan maganin.

Takardar turawa ta kai mu Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando, domin mai ciwon suga nau'i na biyu ana so a duba bayan idonsa tun lokacin da aka gano ciwon. Can ma nasu haruffan daban ne. RE idon dama, LE na hagu, kuma a wasu takardun ido OD idon dama ake nufi, ba sau ɗaya a yini ba. VA ƙarfin gani ne: 6/18 da aka rubuta wa idonta na dama na nufin abin da take karantawa daga mita 6 lafiyayyen ido yana karanta shi daga mita 18, kuma 6/6 shi ne cikakken gani. IOP matsin ruwan cikin ido ne, wanda ake so tsakanin 10 da 21 mmHg, nata 14 da 16. An ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ganinta ya dushe na wasu awanni, aka rubuta no DR, suga bai taɓa bayan idon ba, sai yana da ta fara a idon dama.

Akwai iyakar da na ga ya kamata mai jinya ya tsaya. Sanin ma'anar haruffa bai mayar da ni mai yanke hukunci ba, domin lambobin da ake ɗauka daidai sukan ɗan bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, shi ya sa kowace takarda ke zuwa da nata a gefe, kuma PCV 33 ga dattijuwa mai zazzaɓi ba ɗaya yake da 33 ga mai ciki ba. Amfanin da na samu shi ne na daina amsa wa likita da “da sauƙi”. Ina buɗe littafi in ce FBS na safiyar Talata kaza ne, BP kaza, ƙafa ta ɗan kumbura, ita kuma ta ce wannan sananniyar illar amlodipine ce, ta duba ta rubuta.

A zuwanmu na baya-bayan nan HbA1c ya sauko 7.4%, BP 136/84, PCV 37%. Likitar ta rubuta Ct a gaban magungunan, wato a ci gaba da su, da TCA 3/12, sannan ta ƙara wasu haruffa huɗu da ban taɓa gani ba, UACR. Na nuna layin na tambaya. Ta ce gwajin fitsari ne da ke kwatanta furotin ɗin albumin da kiriyatinin, yana kama yoyon ƙoda tun yana ƙanƙane, kafin tsinken gwajin fitsari na yau da kullum ya nuna komai, kuma daga 30 mg/g zuwa sama ake fara sa ido. Sau ɗaya a shekara za a riƙa yi mata shi. Ta ce fitsarin farko na safe ake so, a kwalbar da ɗakin gwaji zai bayar, kuma idan ranar ta zo Hajiya tana zazzaɓi ko ciwon mara, a ɗaga gwajin sai ta warke, domin waɗannan kan ɗaga lambar ba tare da ƙodar ta sami matsala ba.